Dokas da 'Yar Goyonta

A unguwar Majidaɗi ta Jalingo kowa ya san Dokas da suyar ƙosai da doya, amma ba da kasko ta fara neman abinci ba. Tana da ƙuruciya mijinta ya rasu, ta baro ƙauyensu Iware da jaririnta Simeon, ta kama aikin raino a gidan Malam Kuriyan, wani Ba'indiye mai koyar da lissafi a sakandare. 'Yarsa Cynthia a bayan Dokas ta girma. In ta sauke Simeon ta ɗauki Cynthia, zani ɗaya ke goyon su. Yarinyar da Hausa ta buɗe baki, har da guntun Mumuye, yaren Dokas, kuma in an zuba mata shinkafa sai ta ture ta bi Dokas kicin cin tuwon dawa.

Cynthia tana aji uku a firamare kwantiragin uban ya ƙare. Suka koma Indiya, daga can aka ji sun wuce Kanada. Dokas ta kafa murhu a bakin Kasuwar Jalingo, ta ci gaba da rayuwa. Ba ta cika zancen yarinyar ba, sai dai duk baƙon da ya zo coci daga ƙasar waje sai ta tare shi ta tambaya ko ya san wata Cynthia.

A 1996 aka bugo waya ofishin fasto ana neman Dokas. Simeon, wanda a lokacin yake tuƙi a ma'aikatar gona, shi ya je ya amsa. Ya dawo ya same ta tana juya ƙosai.

"Mama, Cynthia ce. Ta zama likita. Ta ce a nan za ta yi Kirsimeti."

Dokas ta bar kaskon nan ya ƙone. A makon ta sa aka yi wa ɗaki farar ƙasa, ta sayi gidan sauro, ta ware zakara tana ba shi dawa.

Kirsimeti ya zo, Cynthia ba ta zo ba. Zamanin soja ne, dangantaka da ƙasashen Turawa ta yi tsami. Simeon ya yi wa uwarsa bayani: gwamnatin Kanada ta gargaɗi mutanenta kada su zo Nijeriya, biza kuma ta gagara.

"Ta gaya musu a nan aka haife ta?"

"Ta gaya musu, Mama. Ba haihuwa suke dubawa ba, fasfo suke dubawa."

Shekara ta zagayo, aka sake sa rana, aka sake ɗagawa. Zakaran ya tsufa, Dokas ta hana a yanka.

Ana nan sai aiki ya kawo Cynthia wani asibiti a Garwa, cikin Kamaru. Ta bugo ta ce za ta gwada shigowa ta ƙasa. Dokas ta daka yaji, ta ƙulla kuka da daddawa, suka hau mota ita da Simeon zuwa Yola, daga can suka bi hanyar burji har bakin iyaka.

A bayan sandar da aka gitta a hanya, wata doguwar mace mai tabarau tana tsaye tana roƙon jami'i. Dokas ba ta gane fuskar ba. Tsayuwar ta gane, ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Jami'in, wani Bafulatani mai suna Hammanjoda, ya juya fasfon ya mayar mata. Babu biza, babu shiga. Dokas kuwa ko katin shaida ba ta da shi, balle ta tsallaka.

"Ɗana, ni na goye ta," in ji Dokas.

"Na yarda, Dada. Amma in na ɗaga sandar nan, aikina ya tafi."

Sai ya shiga rumfa ya jawo benci ya ajiye a gindin sandar, ya ce su zauna inda zai riƙa ganin su.

Suka zauna. A nan Dokas ta gane Hausar Cynthia ta gudu. "Sannu" ta rage mata, da "na gode", da "Mama". Simeon ya yi ta fassara har ya ga ba sauraron sa suke ba, ya koma gefe. Dokas ta riƙe hannun Cynthia tana duba yatsun, ta taɓa tabon ƙuna da ke gwiwar hannu, wanda ita ta sa wa magani. Cynthia ta kwance ƙullin daddawa ta shinshina, ta cire tabarau ta kifa kai a kafaɗar Dokas.

Da la'asar direban da ya kawo Cynthia ya fara matsa ham. Dokas ta tsaya a jikin sandar har motar ta sha kwana.

A hanyar dawowa, da suka kusa Jalingo, Dokas ta dubi ɗanta.

"Ina da magana da yawa, Simeon. Ban so ta bi ta bakinka ba."

Ranar Laraba ta rufe kasko da wuri ta tafi ajin yaƙi da jahilci na matan coci, ta ce Turanci take so. Har shekarun casa'in suka ƙare Cynthia ba ta samu shigowa ba, Dokas kuma ba ta fasa zuwa aji ba. Masu sayen ƙosai sun saba jin ta tana maimaita darasi ƙasa-ƙasa, mai yana tafasa.