Wuƙar Baba ta ƙi buɗewa

Shekarar da aka ba mu jiha, kowa ya samu abin yi a Birnin Kebbi ban da ni. Na yi ta yawon ofis-ofis da takardar firamare har takalmina ya cinye, na koma Argungu.

Na tarar Baba ya daina shiga ruwa. Masunci ne, kuma ba ya hawa kwalekwale sai da 'yar wuƙarsa mai ninkewa, wadda yake yanke igiya da ita in taru ya sarƙe. Yanzu ta ƙi buɗe masa. Man gyaɗa yake ta shafa mata, man ya haɗu da rairayi ya daskare a mahaɗinta.

Ya ce, "Wuƙag ga ta mutu."

"Ba ta mutu ba, Baba, dauɗa ce."

Na jiƙa ta a kananzir, na sakace mahaɗin da tsinke, na roƙo man keken ɗinki wajen tela na ɗiga mata. A hannuna ta buɗe sumul. Na miƙa masa. Ya sa farce ya ja, ya sake ja, ta ƙi. Nan na gane ba wuƙar ce ta tsufa ba.

Na ce masa da sauran gyara. Na kai wa maƙeri ya sassauta ƙusar, har ta koma buɗewa da ɗan taɓi.

Baba ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce, "Ashe man gyaɗa ne yac cuce ni."

Na ce e, shi ne. Washegari ya saɓi tarunsa ya nufi gulbi.