Ƙululan da ke saiwar waken suya

Ranar da na dawo hutu daga makaranta, ko jaka ban gama ajewa ba Inna ta ce Baba ya tafi gonarmu ta hanyar Malumfashi, wai zai sa a kifar da waken suya da garma. Waken da ya riga ya rufe ƙasa! Na haye babur, ina tafe ina tsaki.

Na tarar da shi da Kawu, ƙanensa, sun tuge tushe ɗaya suna jujjuyawa. Saiwar duk ƙululai ne ƙanana kamar ƙwayar dawa.

"Cuta ce," in ji Baba. "Gara na kifar tun kafin ta kama masarar maƙwabta a ce ni ne."

Na ce, "Haba Baba! Wallahi mun yi wannan a aji. Wasu ƙananan halittu ne na cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu. Su ke yin ɗaki a saiwar, suna janyo taki daga iska. Kyauta fa!"

Kawu ya bushe da dariya. "Taki daga iska? To mu rufe shagunan taki na Funtua ke nan, ɗan boko ya dawo."

Na fasa ƙululu ɗaya da farce don su ga lafiyarsa ƙalau, cikinsa ja-ja, yadda malaminmu ya nuna mana. Baba ya ja baya. "Ka gani? Har jini ya taru."

Kai! Nan na ɗau zafi. Na zaro waya, fat-fat na jero hotuna. Bakina kuma da ba ya birki, sai na ƙara da cewa ai danginsu da yawa, akwai ma waɗanda ke kama shanu, in mutum ya sha madarar ba a tafasa ba ya yi ta zazzaɓi yana tafiya yana dawowa.

"Yawwa," in ji Baba. "Da bakinka ka faɗa." Ya ɗaga wa mai garma da ke jira a gefe hannu ya fara.

Kamar na yi kuka. Shanu sun fara takowa, sai idona ya faɗa kan gyaɗarmu a gefen gonar. Na ruga na tugo ɗaya, na kaɗe ƙasar, na miƙa wa Baba. Ga ƙululai nan jingim a saiwar. Tun kafin a haife ni Baba ke cirar gyaɗa, amma 'ya'yan kawai yake dubawa.

Ya karɓa. Ya fasa ɗaya da kansa, ja-ja. Ya ce wa mai garma ya kwance shanunsa.

Na yi tsalle har takalmina ya cire. Da muka isa gida kuwa, ina ji yana faɗa wa Inna, "Dama na san ba cuta ba ce, gwada yaron nake." Sai ya ƙara da cewa daga yau a riƙa tafasa madara.