Tafin Ƙafar Ghasita

A lardinmu ba a taɓa yin wanda ya girgiza gwamnatin Ingila kamar Ghasita maginin tukwane ba, in ji jikokinsa. Shekarar da saniyar mai gari ta ɓata, Daroga, shugaban 'yan sandanmu, ya zarge shi, ya sa aka daki tafin ƙafarsa da gora har ya gurgunce. Da kwamitin da gwamnati ta turo binciken zaluncin 'yan sanda ya sauka, Ghasita kaɗai ya yarda ya ba da shaida. Daroga ya rako shi, ya tsaya bayansa.

Baturen da ke jagorantar kwamitin ya ce ta bakin tafinta, "Nuna mana wurin."

Ghasita ya fara ɗaga ƙafa.

Daroga ya ce a hankali, "Haba kawu! Tafin ƙafa za ka miƙa wa gwamnati? Gobe fa za su tafi, mu muna nan."

A wurinmu ko ƙaninka ba ka nuna wa tafin ƙafa. Ghasita ya sauke, ya haɗa hannuwa, ya sunkuya.

Kwamitin ya ce bai ga tabo ba, amma ya yaba ladabinmu. Saniyar kuwa tuni ta dawo da kanta.