Ruwan da Ke Ƙarƙashin Baure

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ba wanda zai koya mini inda ruwa yake kwana. A bakin murhun kakata, Iya Tabawa, na koya, tun fadamar bayan gidanmu a Samaru tana nan da ranta. Da an sauke tuwo sai ta gyara itace, ta ce, "Ku matso. Wadda ta yi gyangyaɗi ba zan maimaita mata ba."

Tatsuniyar da ta fi ba mu ita ce ta matar da rijiyoyin garinsu suka ƙafe. Maza suka haƙa nan, suka haƙa can, sai dutse. Ita kuwa ta tsuguna gaban suri da tsakar rani, ta ga gara tana fito da ɗanyen laka. Ta ce, "A ina kika samo?" Gara ta ce, "Haƙa a gindin bauren can da bai zubar da ganye ba, amma ki bar mini gidana." Aka haƙa, ruwa ya ɓullo. Sai Iya ta nuna namu bauren da muciya: "Wancan ma ba ruwan sama yake jira ba."

Bana rijiyata ta ƙafe ƙaf. Ɗana ya matsa in koma wurinsa Sabon Gari, ni kuwa a gidan nan aka binne cibiyata. Jikata Rifkatu, mai karatu a jami'a, ta zo da taswira. Wai da hotunan tauraron ɗan'adam suka zana inda ake sa ran ruwa a ƙarƙashin ƙasa: ja babu, shuɗi akwai.

"Tsohuwa, rijiyarki tana cikin ja."

"Ajiye takardarki, yarinya. Ruwa yana gangare, inda baure yake a da."

Ta duba, ta yi dariya. "Shuɗi ne kuwa. Tashi ki nuna mini, a haƙa bohol."

Na kai ta wurin. Shekarun baya ni da bakina na sa aka sare bauren, aka baje surin da ke gefensa, aka gina wa ɗalibai ɗakunan haya. Ramin shaddarsu yana daidai inda gindin yake.

Rifkatu ta naɗe takardar. "Ruwan nan ba ya shayuwa, Kaka."

Sau nawa na ba jikoki tatsuniyar nan, ina taƙama na san yadda ake gane ruwa. Roƙon gara kuwa na ɗauka adon zance ne, har tsallake shi nake yi. Jiya na fara ɗaure kayana.