Clarrie a Ƙarƙashin Tashar Coondarra

Matso kusa, ja kujera ka zauna. Shayin bai huce ba tukuna, labarin Clarrie Treloar kuwa ba a jin sa a tsaye.

Duk wanda ya tashi a Coondarra zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a garin ya san Clarrie. Tun yana saurayi ya shiga aikin reluwe, aikinsa sauya layi. Inda dogo ya rabu biyu akwai wasu siraran ƙarafa masu motsi, harsuna muke ce musu. In an tura su dama jirgi ya bi dama, in an tura su hagu ya bi hagu. Clarrie ne mai tura su, da wani dogon hannun ƙarfe wanda sai ka sa ƙirji kafin ya motsa. Zafin Janairu ya dake shi, sanyin Yuli ya dake shi, don a ƙasarmu haka lokutan suke, har tafin hannunsa ya koma kamar fatar takalmi. Bai taɓa zama babba a wurin aiki ba, bai kuma taɓa nema ba.

Sai wata shekara aka kawo injina aka ɗaura a gindin kowace mararraba. Daga nan ma'aikaci yana zaune can Adelaide cikin sanyin ofis, ya danna maɓalli, harsunan Coondarra su motsa da kansu. Aka sallami Clarrie da takardar godiya. Ba a daɗe ba jirgi ya daina tsayawa, aka zo aka kwashe layukan tashar, aka bar guda ɗaya tal da ke ratsa gari. Yau tumaki ke kiwo a wurin.

Clarrie bai yi kuka a gaban kowa ba. Ɗakin kwanon da ke bayan gidansa ya shiga, ya kafa faffaɗan tebur daga bango zuwa bango, ya buga shi da ƙusa a jikin ginin, ya sake gina tashar a kai, 'yar ƙarama. Kan jirgin bai fi tsawon tafin hannu ba, taragai kamar akwatin ashana, amma babu layin da ya manta. Matarsa Noeleen ce ta yi fentin gidaje, ta murɗa itatuwa da waya. Wutar lantarki ke tafiyar da jiragen, wannan ya yarda. Amma harsuna da yatsa yake tura su. Ya rantse inji ba zai taɓa su ba muddin yana numfashi, kuma duk wanda ya kawo masa maganar sai ya nuna masa ƙofa.

Haka aka yi shekaru. Noeleen ta rasu. Clarrie ya ci gaba da shiga ɗakin kwano, sai dai yanzu shi ke kai wa kansa shayi.

Wata rana ya miƙa jiki zai tura harsunan da ke can kusa da bango, ƙafa ta zame, ya faɗi a siminti, ƙugu ya karye. Da ya fito daga asibiti 'yarsa Bronwyn ta zo daga Adelaide, ta zaunar da shi a kicin. Ba ta yi faɗa ba, gara ma da ta yi. Ta ce ta riga ta je ta duba wani gidan kula da tsofaffi kusa da unguwarsu, mai tsabta, ɗakin ya ɗauki gado da kujera. Ta rataya masa wani ɗan maɓalli a wuya, wanda in ya danna motar asibiti za ta zo, ita ma wayarta za ta yi ƙara.

"Baba, na bar ka a gidanka," ta ce. "Amma in ka sake faɗuwa, ko a ina ne, ba za mu sake wannan maganar ba. Mota kawai zan kawo."

Ta kuma roƙi Merv Kowald ya riƙa leƙa shi. Merv tsohon direban jirgi ne, gidansa na ƙarshen layinsu Clarrie, abokin Clarrie tun suna gajeren wando. Shi ma bayansa ya ƙage, takalmi ma sai mai zurawa yake sawa. Kullum da yamma yakan zo da kwalabe biyu na giya mai sanyi, su zauna su zagi gwamnati.

To, ga inda matsalar take. Clarrie ba ya iya miƙa jiki kuma. Harsunan da ke bakin tebur yana kai musu, na can ciki kuwa sun fi ƙarfinsa. Jirgi sai ya yi ta zagaya layi ɗaya kamar jakin niƙa, ba shiga tasha, ba ajiye tarago, ba ɗauka. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana raba wa jirage hanya ya koma ɗan kallo. Ya daure, ya daure, ran nan dai ya aika aka kawo masa injinan tura harsuna ta gidan waya, ƙanana, kowanne bai fi babban yatsa ba, da siririyar allurar ƙarfe a kansa.

Merv ya ga kwalin a kan benci ya yi ta dariya har da tari.

"Ashe rantsuwa ma tana tsufa, mutumina."

"Rufe mana baki," in ji Clarrie. "Direban da bai taɓa isa tasha a kan lokaci ba."

Dariyar ba ta yi nisa ba, don Merv ya san yadda ake ɗaura abin. A ƙarƙashin tebur ake kafa injin, allurarsa ta ratso katako ta shiga wani ɗan rami a jikin sandar da ta haɗa harsunan biyu, ramin da bai fi idon allurar ɗinki ba. Masu hankali tun kafin su shimfiɗa dogo suke huda katakon. Clarrie kuwa, da yake ya rantse, bai huda ko ɗaya ba. Ya shimfiɗa dogo, ya zuba tsakuwa, ya bi da gam, komai ya daskare kamar dutse. Yanzu sai dai a kwanta rigingine a huda daga ƙasa. Kuma aikin mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa yana riƙe da inji, ɗaya a sama yana cewa matsa hagu kaɗan, tsaya nan.

Merv ya ce shi ba ya iya sunkuyawa, kuma ba zai tsaya a sama yana kallon mai karyayyen ƙugu yana rarrafe a siminti ba. Ya ce a bari mijin Bronwyn ya zo hutun Ista ya shiga. Clarrie ya ce to, haka za a yi. A ransa kuwa ya san mutumin nan ko ƙwan fitila sai ya kira mai gyara, kuma in ya zo Bronwyn za ta zo, ta ga wayoyin wuta ta ga injin huda, ta fara tambaya.

Saboda haka ya koma yin aikin da safe, lokacin da Merv ba ya zuwa. Ya shimfiɗa tsohon kafet a ƙasa, ya ɗaura igiya a ƙafar benci kusa da ƙofa don ya riƙa jan jikinsa waje. Ya naɗa tef a bakin abin huda daidai kaurin katakon, don kada ya zarce ya ɓarke dogon da ke sama. Tunda babu mai yi masa ido, sai ya cusa guntayen kwali ya tsayar da harsunan a tsakiya, ya kifa tocila a kansu, ya shiga ƙasa ya nemi ɗigon hasken da ke ratsowa ta hudar da ya yi, ya lallaɓa allurar ta bi shi. Garin katako ya cika masa ido. Narkakkiyar dalmar liƙa wayoyi ta ɗigo masa a ƙirji ta ƙona riga. Hannun da ke tura ƙarfe da ƙarfin tsiya yanzu ɗan sukuru ke ba shi wuya.

Ranar da ya fara gwadawa, ya danna maɓalli, injin ya yi gurnani kamar ƙudan zuma a kwalba, harsuna ko gezau. Injinan nan ba sa son wuta a hankali, mari ɗaya suke so mai ƙarfi, tsohuwar taransfomarsa kuwa ba ta da shi. In ka daɗe kana dannawa kuma, sai waya ta ɗauki zafi injin ya ƙone. Ɗaya ya ƙone masa haka, ɗakin ya cika da ƙauri. Sai ya sake aikawa aka kawo wani ɗan akwati mai tara wuta ya sake ta gaba ɗaya. Ya haɗa shi tsakanin taransfoma da maɓallai, ya danna. Ƙas, harsuna suka koma gefe. Clarrie ya tsaya yana kallo. Ya so ya ji haushi, amma sai ya tarar yana ta dannawa, hagu, dama, hagu, shi kaɗai a ɗaki.

Da yamma ya rufe maɓallan da tsumma kafin Merv ya iso.

Saura inji ɗaya, na can lungu inda bango ya haɗu da bango, mafi nisa daga ƙofa. Ya shiga da safe cikin watan Fabrairu, rana ta riga ta fara gasa kwano. Ya huda, ya zura allura, ya ɗaure, ya liƙa wayoyin. Aiki ya yi kyau. Ya miƙa hannu zai kama igiya, ashe ta ƙare can baya, ba ta kai lungun ba. Ya ce bari ya tura da dunduniya. Ƙugun ya ƙi. Wani zafi ya soke shi tun daga cinya har gadon baya, ƙafar ta kwanta kamar ta wani. Ya gwada juyawa, kafaɗa ta tokari katakon da ke riƙe da tebur.

Ya kwanta ya huta, ya sake gwadawa. Babu.

Rana ta yi sama. Ka san ɗakin kwano a irin wannan lokaci, tanda ce kawai. Ruwan shansa yana kan benci, yana hango gindin gorar. Gumi ya yi ta zuba har ya daina zuba. Harshe ya manne a dasashi. Can ya ji ɗumi ya bi wandonsa, ya rufe ido don kunya, ko da yake ba mai gani.

Ɗan maɓallin Bronwyn yana nan a wuyansa, ya zamo ya kwanta a gefen kunne. Ya kama shi, ya shafa shi da babban yatsa. Dannawa ɗaya, mutane za su zo da ruwa da gadon ɗaukar mara lafiya. Dannawa ɗaya kuma, ɗaki mai gado da kujera. Ya dubi ƙasan tashar da ke bisa fuskarsa, wayoyi ja da baƙi a jere, kowane inji a mazauninsa. Ya saki maɓallin, ya tura shi cikin riga.

Ƙafafun Clarrie Merv ya fara gani da ya shigo da yamma. Bai yi ihu ba. Ya ajiye kwalabe, ya kira sunansa, ya ji an amsa da wata murya kamar ta ɗan tsako. Sunkuyawa ba ta yiwuwa, sai ya juya sandarsa ta dogarawa ya maƙala lanƙwasar a gefen kafet, ya ja, ya huta, ya ja, har kan Clarrie ya fito fili. A ja na ƙarshe shi ma ya zube zaune a ƙasa. Tsofaffi biyu a siminti suna haki. Merv ya jawo gorar da sanda ya ɗiɗɗiga masa ruwa a baki.

Da murya ta dawo, abin da Clarrie ya fara cewa shi ne ai ba faɗuwa ya yi ba, kwanciya ya yi da kansa. Ya kuma ce aikin ya ƙare, ba abin da zai sake kai shi ƙasa. Merv ya ce waya takan tsinke, inji yakan ƙone, ranar kuma wa zai shiga? Ya ce jibi ɗansa zai kai shi ganin likita a birni, kwana zai yi. Da yau ce jibin fa?

"Merv, don girman Allah. Kada ka gaya mata."

"Abin yana wuyanka, tsoho. Me ya hana ka dannawa?"

Clarrie ya kawar da kai.

"Shi ne abin da ya ba ni tsoro," in ji Merv. "Ba ƙugun ba."

Merv bai yi a bayan idonsa ba, wannan dai a ba shi. Nan a zaune a ƙasa ya zaro waya daga aljihu, ya kira Bronwyn, ya faɗa mata komai, Clarrie yana ji.

Ta ba Clarrie 'yan kwanaki ya shirya. A cikinsu ya tafiyar da tashar yadda bai taɓa yi ba, yana zaune a kujera ɗaya, jirage suna shiga kowane layi har na lungu, ba inda ya gagara. Merv ya zo da kwalabe, ya tarar an sa sakata.

Tebur bai fita ta ƙofa ba, don da ƙusa aka haɗa shi da ginin. Da za a sayar da gidan, zarto aka sa masa. Bronwyn ta adana kan jirgi ɗaya, yana kan taga a sabon ɗakin. Clarrie yana nan da ransa, ana ba shi abinci a kan lokaci, bai sake faɗuwa ba. Merv yakan hau bas ya je duba shi duk da ciwon baya. Ya zauna a bakin gado ya ba shi labarin gari, wa ya mutu, wa ya sayar da gona, Clarrie yana kallon bango har lokacin bas ya yi.

To kai, da kai ne zaune a simintin nan da waya a aljihu, abokinka yana roƙonka, me za ka yi?