Aljihun da Na Ɗinka wa Baba

Warin man keken ɗinki nake fara ji duk sanda na tuna ranar, haɗe da warin kwatar da ruwan sama ya tayar. Lahadi ce, bayan la'asar, a gidanmu na unguwar New Bell. Ruwa ya kwana biyu yana zuba. Ina zaune a ƙofar ɗakin Inna ina ɗiga wa kekenta mai, littafin waƙoƙin da nake karantawa yana kife a cinyata. Shekarata ashirin, ban daɗe da shiga jami'a ba.

Kwana goma sha biyu kafin nan aka tare Baba. Yana dawowa daga kasuwar Sandaga, inda yake sayar da tafarnuwa da busasshiyar citta, sai ya sauka daga babur ya yanke ta wani lungu a unguwar Kassalafam don ruwa ya shanye titi. Da rana tsaka ne. Samari uku, biyu da adduna. Da ya ƙi sakin jakarsa, ɗaya ya sare shi a dantsen hagu. Tun ranar bai koma kasuwa ba. Mutumin da ban taɓa gani a gida da hantsi ba, sai ga shi a tabarma yana kallon bango, ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura.

Yayana, babban ɗan gidan, ma'aikacin ofis ne, a unguwar Makèpè yake zaune. Ya zo da takardu cikin leda, tare da Kawu, ƙanin Inna, wanda ya yi shekaru yana gadi a tashar jiragen ruwa. Yaya ya ce ya bincika, ɗan kasuwa mai rumfa yana iya neman izinin riƙe ƙaramar bindiga, duk da dai abin yana jan lokaci kuma ba kowa ake ba ba. Sai dai a takardar dole a rubuta girman harsashi. A nan gardama ta kaure.

"Neuf millimètres," in ji Yaya da Faransanci, wato milimita tara, yana buga biro a kan takardar. "Ita ce ke tsayar da mutum. In za a yi, a yi mai dalili."

Kawu ya taɓe baki. "Kai da ba ka taɓa riƙe abin da ya fi biron nan nauyi ba! Ka san yadda take dukan hannu? Dubi ubanka. Sept soixante-cinq za a rubuta, milimita bakwai da ɗigo sittin da biyar. Ƙarama ce, ba ta tsalle, ta kwanta a aljihu shiru."

"Haba Kawu, wannan ai ta korar kaji ce."

"To miƙo ƙafarka in gwada, mu ji ko za ka yi cara."

Daga madafi Inna ta ce, "A'uzubillahi! A gidana ake wannan zance?"

Ni kuwa na ɗauko awon ɗinkin Inna na duba milimita tara. Bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsana ba. Tsakaninsa da abin da Kawu yake so kuwa, bambancin bai kai kaurin ƙwayar shinkafa ba. Na yi ta kallon 'yan layukan nan ina tunanin a cikin wannan ɗan taƙin ake zaɓar ramin da za a huda a jikin ɗan wata mata.

Baba ya ce, "Bindigogin nan, nawa ne nauyinsu?"

Shi mutumin sikeli ne, ba ya sanin abu sai ya san nauyinsa. Yaya ya duba wayarsa ya ce ƙaramar ta ɗan haura rabin kilo, babbar kuwa da harsashinta ta doshi kilo guda.

Baba ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini uwata. "Uwata, ɗauko mini duwatsun sikeli." Ƙarafunan awo ne, an kawo su gida da aka rufe rumfar, suna ƙarƙashin gado.

Ya miƙe ya jefa na kilo guda a aljihun kaftaninsa na dama. Wuyan rigar ya karkace har kafaɗa ta fito. Kawu ya fashe da dariya. Baba bai kula shi ba, ya sunkuya kamar mai ruku'u, ƙarfen ya lilo ya buge shi a gwiwa. Da ya kai goshinsa ƙasa, sai dutsen ya sulale daga aljihu ya gangara kan tabarma. Dariyar ta tsaya.

"A sahun farko nake tsayawa," in ji Baba. "In ta faɗo a bayan liman fa?"

Ya gwada na rabin kilo. Rigar ta ɗauka, amma shi ma ya leƙo a sujada. Yaya ya ce akwai kube na fata da ake maƙalawa a bel. Baba ya ce shi da ya tsufa da wando mai zariya ba yanzu zai koyi ɗaura bel ba. Kawu ya ce to a ɗinka aljihu na ciki, mai maɓalli, a bayan na waje.

Inna ta fito tana goge hannu a zani. "Alhaji, shekara talatin ina maka ɗinki. Wannan kam ba da hannuna ba."

Sai Baba ya dube ni. "Uwata, ke fa?"

Aljihun daman nan nawa ne tun ina rarrafe. Dabino yake sawa a ciki, wani lokaci alewa mai yaji. In ya dawo ba na tambaya, hannu kawai nake zurawa, har bayan na shiga jami'a, yana cewa ɓarauniyar gidan ta zo. Na so in ce a'a. Amma na ga yadda ya tsaya a tsakar gida da ƙarfe a hannu, a miƙe yadda ban gan shi ba cikin kwana goma sha biyun nan. Na jawo keken.

Na ninka ƙyallen yadi biyu don ya yi ƙarfi, na auna da dutsen rabin kilo, na sa maɓalli. Riguna huɗu na yi wa haka. Ya saka ɗaya, ya sunkuya, ya yi sujada, ya ɗago, ba abin da ya motsa. Kawu ya karɓe biro daga hannun Yaya ya rubuta girman harsashin da yake so da kansa.

Satin da ya biyo baya, Baba ya koma kasuwa. Bayan wasu watanni, wata Asabar da safe, Yaya ya zo da tasi ya ɗauke shi. Da suka dawo, gefen rigarsa na dama ya ɗan rinjaya. Ba wanda ya yi bayani, ni ma ban tambaya ba. Kafin sati ya zagayo Kawu ya baza wa unguwa da kasuwa cewa Alhaji fa yanzu ba a wasa da shi.

Daga ranar ban ƙara sa hannu a aljihun nan ba. In muna tafiya sai in koma hagunsa. In na durƙusa gaishe shi, idona yana kan ɗinkina. Duk sanda salansar babur ta fashe a titi sai in ɗauka harbi ne. Wata rana in ga a raina an ƙwace bindigar an juya masa ita, wata rana in ga shi ne a tsaye, wani saurayi a kwance cikin ruwan lungu, kuma ban san wanne ya fi tsorata ni ba. In ya dawo, hannayensa nake fara kallo kafin fuskarsa. Bai daina sayen dabino ba. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jira, sannan ya ciro da kansa ya miƙo mini, ya ce, "Uwata ta girma."

Shekara shida muka yi a haka. Sai da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, Inna ta ba ni rigunansa in rage musu tsawo, na taɓa abu mai tauri a ɗaya. Na daɗe a zaune kafin in ɓalle maɓallin. Dutsen rabin kilo ne.

Na kira Yaya a waya. Ya ce izinin ya fito, sun je shagon a waccan Asabar, Baba ya riƙe bindigar ya jinjina ta a tafin hannu, ya tambayi mai shagon ina ake saitawa a jikin mutum. Da aka nuna masa, sai ya ajiye ta a kan tebur ya ce su tafi gida, kuma kada Yaya ya gaya wa kowa. Bai taɓa mallakar bindiga ba. Duk shekarun nan, in mai saye ya ce a auna masa rabin kilon tafarnuwa, da dutsen giram ɗari biyu guda biyu da na ɗari ɗaya yake haɗa masa.