Baba Tef da Kyanwar Bakin Taga

Shekara talatin da ɗaya Baba Tef ya yi yana auna filaye, kuma ritaya ba ta raba shi da tef ɗinsa na awo ba. In ka ce masa gidanka kusa ne, sai ya ce, "Kusa daga ina?" Mai askin da ke jikin katangarsu kan riƙe almakashi ya ce, "Ranka ya daɗe, milimita nawa za a rage?" Shi kuwa sai ya faɗa masa, ba dariya.

'Yarsu Auta ta rasu shekara biyu da suka wuce. Kafin nan ta zana kyanwa a wata manhajar waya, ta ajiye ta a bakin tagar ɗakinta. Da ido ba a ganin komai. Amma in ka ɗaga waya ka nuna kyamara wajen, sai ga ta, ruwan toka, kunne ɗaya a lanƙwashe, tana lasar hannu. Kullum da safe matar Baba Tef, Inna, takan je ta ce mata ina kwana.

Sai masu manhajar suka rufe ta, suka kwashe bayanan mutane zuwa wata sabuwa. Washegari Inna ta ɗaga waya, taga wayam. Ta goge kyamarar da gefen mayafi, ta sake ɗagawa.

Baba Tef ya kira 'yar ƙaninsa, wadda dangi ke ce wa Injiniya. Ta zo da kwamfutarta ta baje a tabarma.

"Baba, kyanwa na nan, ba ta ɓata ba. Ga lambar wurinta, ga tsayi: mita ɗaya da ɗigo biyu."

"Daga ina?"

"Daga ina me?"

"Mita ɗaya da ɗigo biyun. Daga ina aka fara ƙirga?"

Ta shiga karanta ƙa'idar sabuwar manhajar, can sai ta dafe kai. Tsohuwar daga daɓen ƙasa take auna tsayi. Sabuwar kuwa ta bi tsarin da manhajoji da yawa suka amince da shi, na aunawa daga matakin teku. Wanda ya kwashe bayanan bai sauya lambar ba. Garin yana kimanin mita ɗari huɗu da tamanin sama da teku, don haka kyanwar na can ƙarƙashin gidan, ta wuce kowace rijiya zurfi.

"Wai, baiwar Allah," in ji Inna. "Ku fito min da ita."

Injiniya ta ɗauki tsayin da wayarta ta nuna ta shigar. Suka fita suna lalube da kyamara, sai ga kyanwa a kan rufin shagon aski, tana lasar hannu abinta.

"Ku bar min ita!" in ji mai aski. "Ɓeraye sun ishe ni. Hajiya Inna, aro kawai."

"Wayar tana kuskuren 'yan mitoci, Baba. Iyakarta ke nan," in ji Injiniya.

"Iyakarta ke nan, ba iyakata ba."

Ya jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gado, ya fito da na'urar awonsa mai ƙafa uku. A bakin babban titi akwai ƙusar tagulla cikin siminti, wadda shi da abokan aikinsa suka kafa yana saurayi, da tsayinta daga matakin teku a rubuce. Daga nan ya fara. Injiniya ta riƙe sandar awo, shi yana leƙawa yana rubutu da fensir. Zango goma sha ɗaya suka yi kafin su kai taga. Ya ce a koma baya a tabbatar.

"Baba, ƙafata!"

"Awon da ba a maimaita ba, jita-jita ne."

Da la'asar Injiniya ta shigar da lambarsa, ta cike gurbin da ke faɗin daga inda aka auna. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. Kyanwar na zaune a bakin taga.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Da can wutsiyarta tana ɗan shiga cikin bango."

Baba Tef ya duba takardarsa. Kuskuren Auta ne, santimita uku.

"A mayar da ita yadda take," in ji shi.